Kada a Rufe Ɗakin Wankin Hoto

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, Alhaji Sallau, kamarad direktan makaranta, malamai, iyaye maza da iyaye mata, na cikin gari da waɗanda suka taso daga Gene da Madekali, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da aka ba ni magana. Sunana Salamatu, mai sayar da albasa a bakin kasuwa, uwar Zeinabu ta babban aji. Ku yi haƙuri da karatuna, sai da na yaye autana na koyi baƙi.

An taru yau a yanke ko za a rufe ɗakin da yaranmu suke koyon wankin hoto. Malam Na-Allah ya ce ɗaki mai duhu, ƙofa a kulle, ba wurin 'ya'ya mata ba ne. Wallahi tsoronsa tsorona ne. Ni ce ke shinshina hannun ɗiyata in ta dawo, in ji warin magani, in kasa cin tuwo.

Amma ku ji abin da ya kai ni ciki. Kun san yanzu jandarma ba sa barin kowa ya hau gadar ƙetarawa Gaya sai da katin shaida, katin kuwa sai da hoto, kai a buɗe, kunnuwa a waje. Mahaifiyata, Inna Haoua, ta ce ba ta cire kallabi gaban namijin da ba nata ba, ko da ba za ta sake ganin ƙanwarta da ke kwance a Gaya ba. Sai Zeinabu ta aro na'urar ɗaukar hoto ta makaranta, ta shimfiɗa farin zane a bangon ɗaki, ta ce, "Kaka, ni ce fa." Inna ta ce, "Ja'ira, ke da nake wa kitso?" Ta cire.

Na ce ba a wanke fuskar uwata a inda ban gani ba. Malam Inuwa, malamin hoto, ya tsaya waje, muka shiga ɗakin ni da ɗiyata. Jama'a, babu komai ciki sai jar fitila da tasoshi masu ruwa. Ta nuna mini 'yar ledar da ta fito daga na'ura: fuska fara fat, furfura baƙa wuluk. Na ja da baya. Ta ce mini, "Ki tsaya." Ta haska ledar a kan wata farar takarda, ta tsoma ta a ruwa, tana girgiza tasa a hankali. Takarda fara, babu komai. Sai ga idanu. Sai ga tsagar kumatu. Sai ga uwata tana tasowa daga ruwa tana hararata, kamar yadda take yi in na cika gishiri. Na ce, "Subhanallahi!" Haske da ruwa kawai, da hannun yarinyar da na goya!

Inna ta ƙetare, ta tarar da ƙanwarta da rai. Yanzu tsofaffin unguwarmu suna zuwa ƙofata suna tambaya yaushe Zeinabu za ta sake aro na'ura. In an rufe ɗakin nan, me zan ce musu? Me zan ce wa yarinyar?

Roƙona ke nan. Kada a rufe. A raba: mata ranarsu, maza ranarsu. Ranar mata kuma a bar uwa ta zauna a bakin ƙofa da tabarmarta. Malam Inuwa ya ce shi ma yana son mai tsaron ƙofa, domin in aka buɗe ta ba lokaci, haske yana ƙona aikin duka. Laraba tawa ce, ƙanwata za ta riƙe mini albasa. Mata, wa za ta ɗauki Asabar?

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a duhu da sarari, Ya saka wa malamansu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.