Ranar da Marsandi ta zubar da jini a Jibiya

Tunkiya ɗaya na sayar na yi kuɗin mota, na baro ƙauyenmu na bayan Maraɗi. Lokacin kuɗin fetur ne, yara, ana cewa a Najeriya ko tari ka yi sai a biya ka. Ban wuce Jibiya ba. Nan bakin iyaka wani bakanike, Maigida Ilu, ya dubi damatsana ya ce na isa ɗaga taya. Mutum ne mai faɗa. Sifana yake ce wa "kile", in na miƙo wani abu daban ya ce, "Kai, da jaki anka yaye ka?"

Wata ranar kasuwa Marsandi fara ta tsaya a shingen 'yan sanda, wani jan abu na ɗiga a ƙarƙashinta. Mai fura ta ƙwala ihu, "Jini! Ya take mutum!" Da ma an ce da safe mota ta buge wani makiyayi a hanyar Katsina ta gudu. Kafin ka ce me, an fizgo direban, Sale, an yaga masa riga. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi suka kulle a ɗaki, jama'a na jira a waje da sanduna.

Maigida ya dangwala abin, ya shinshina. "Wanga mai ne." Aka yi masa ca: wa ya taɓa ganin jan man mota?

Ya yafito ni yana cewa, "To ku tsaya ku gani. Hamza, buɗe bonet!"

Ya sassauta bel, ya cire tiyo biyu, jan abin ya zubo a tasa. Ya kwance noti, ya ciro wani ƙarfe kamar ƙaramar tukunya ya aza mini a hannu, da ɗuminsa. Famfon sitiyari ke nan. Kowane noti sai ya zana masa da'ira a ƙasa ya ajiye shi ciki, bi da bi, don shi ma bai taɓa buɗe irinsa ba. Ya zaƙulo wata roba da ta tsage ya ɗaga sama, ya nemo wata a gwangwanin tarkacensa.

Ya mayar da komai, ya zuba mai daga wani galan da ke but ɗin motar. Aka ta da inji, famfon ya kama gurnani, mutane suka ja da baya. "Iska ce ciki. Hamza, shiga, murɗa dama, murɗa hagu!" Ni da na saba kokawa da sitiyarin gingimari, na taƙarƙare. Gurnanin ya mutu. Sai ga ƙafafun mota suna bin ɗan yatsana guda. Na yi salati da ƙarfi, har yau tsigar jikina na tashi. Waɗanda suka zo da sanduna suka koma layi, kowa na son ya taɓa sitiyarin, 'yan sanda kuma suka saki Sale.

Da damina ta kusa na tattaro 'yan kayana zan koma gida, ban tara abin kirki ba. Sale ne ya rage mini hanya. Na ce, ai shi ya san mai ne tun farko.

Ya ce, "Da hannuna nika zuba shi, Hamza. Amma da ihu ya yi yawa, ina cikin ɗakin nan, sai na fara tuna hanya, ina tambayar kaina ko na taka wani ban ji ba."