Jikana Ne Ya Tura Ta

A lambun shaƙatawa, kusa da inda famfo ke fesa wa yara ruwa, wani dattijo ya tsaya gaban wata mata da ke zaune a benci.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Jikana ne ya tura 'yarki cikin ruwan nan. Ga rigarta ta jiƙe sharkaf."

"Ƙyale shi, Baba. Ni da ina da alewa ma da na ba shi."

"Alewa kuma? Yaron da ya kamata a ja wa kunne?"

"Ba ka ji dariyarta ba? Tun da aka sallamo mu daga asibiti yarinyar nan ba ta saki zanena ba. Ko banɗaki zan shiga sai ta biyo ni da kuka. Yau ma zafin ɗaki ne ya koro mu."

"Allah sarki! Ni kuwa gabana sai faɗuwa yake yi. Da ƙyar uwarsa ta ba ni shi, wai na tsufa, ba zan iya bin sa ba. Na ce shi ke nan, daga yau an hana ni shi."

"To, ka iya bin nasa?"

"Ina fa! Tun ɗazu nake son zama, kunya ta hana ni."

Ta ɗauke jakarta daga bencin.

"Zauna, Baba, ni zan sa musu ido. In uwarsa ta tambaya, ka ce ka sha gudu."

"A'a, 'yata, mu dai ce na yi sauri. Ta san gwiwoyina."