Ba Duka Ba Ne Tsalle-Tsalle

Mai girma shugaban taro, 'yan kwamitin gidan wasanni, iyayen yaranmu, 'yan'uwana masu horarwa, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba ni dama, ko da yake sai da hannuna ya gaji da ɗaguwa.

Yau za ku yanke hukunci ko a ƙwace mana babban zaure a riƙa ba da shi haya, a tura yaranmu ɗakin baya. Da na kai kuka wurin sakatare, ko kallona bai yi ba ya ce, "Haba Malama, ai duk tsalle-tsalle ne, ko'ina ma sa yi." Tsalle-tsalle! Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai.

To bari in rarrabe muku. Na farko, akwai masu lilo a jikin sandar ƙarfe da zobba, da masu tafiya kan katakon da faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Su katifa mai kauri suke nema, da sararin dirowa. Na biyu, akwai 'yan matan da ke cilla ƙwallo da dogon ƙyalle sama, su wuntsila, su cafe kan kiɗa. Su rufi mai tsawo suke nema. Na uku, masu hawa kafaɗun juna, mutum kan mutum kan mutum. Sai masu ragar nan da ke wurga yaro sama har ya wuce tsayin katanga.

Ɗakin bayan kuwa, ni da nake gajeriya, in na miƙa tsintsiya sai ta taɓa silin. Ga fanka tana juyawa! Ran da muka gwada shi, Mazari, yarinyar da ta fi kowa iya ƙyalle, ta cilla nata fanka ta naɗe shi. Aka yi dariya. Ni ban yi ba, domin masu raga ke biye, kuma su kawunansu suke cillawa.

Ranka ya daɗe, ku ɗaga hannu yadda kuka ga dama. Amma in kun ba da zauren, ku nemi wata ta buɗe wa yara ɗakin bayan. Ba ni zan ƙwanƙwasa ƙofar uwa in ce mata ɗanta ya karya wuya ba.

Allah ya tsare mana yaranmu, ya mai da kowa gida lafiya, ya ba shugabanninmu ikon ɗaga kai kafin su ɗaga hannu.

Na gode.