Takardar da ke Ƙunshe da Irin Kuɓewa

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ce Marta, 'yar Cadin nan mai ƙosai a bakin Kasuwar Jalingo. Wasunku da ƙosaina kuka karya yau, don haka ku ba ni kunnenku.

Yaƙi ne ya koro ni da maigidana Bulus. Da muka shigo ƙasar nan aka ba mu takardar 'yan gudun hijira. Ni ban iya karatu ba, shi kuma kansa kamar rariya. Takarda ta ɓace, muka ce ai Allah ya san mu.

Bara yana dawowa daga aikin gona a Mutum Biyu aka sauke shi a shingen hanya. Ba takarda. Aka kulle shi, aka ce za a mayar da shi Cadi. Can kuwa waɗanda suka kashe wansa suna nan da ransu.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi da Allah. Kwana tara ban yi addu'a ba.

Fasto ya kai ni Sintali wurin Lauya Hannatu, wadda take tsaya wa baƙi irinmu kyauta. Ta je ta ga Bulus, ta roƙi kotu a dakatar da tafiyar. Ta ce da ni, "Mama, mako ɗaya alƙali ya ba mu. Nemo takardar. Ko yagaggiya ce, in dai da hatimi, kawo mini."

Na birkice ɗaki, babu. Ran Laraba da rana tsaka na shigo cocin nan, ba kowa, na durƙusa a wancan benci. "Uba, na gaji," shi ne duk addu'ata. Barci ya sace ni.

Sai ga ni a bakin kogin garinmu. Ruwa kwance, haske yana rawa a kansa, ba ƙarar bindiga ko ɗaya. Mahaifiyata, da ta daɗe da rasuwa, tana tsinkar kuɓewa. Ta dube ni tana murmushi, ta ce da yarenmu, "Marta, yaushe za ki shuka irina?"

Na farka da hawaye. A wurinmu mace ba ta barin gari ba tare da irin gonar uwarta ba. Nawa yana ƙasan akwati, na ƙi shukawa don ina jiran ranar komawa gida. Sai na tuna tsumman da na ƙullo shi a ciki ya yage tun zuwanmu, na sake naɗe shi a wata takarda mai kauri.

Na ruga gida na kwance ƙunshin, sai ga hatimi a jikin takardar. Haleluya!

Lauya ta karanta, ta yi dariya har da ƙwalla. Ran Juma'a alƙali ya ce a saki Bulus. Ga shi can baya yana ɓoye fuska.

Irin kuma na shuka shi a bayan ɗakinmu. Ba duka ya fito ba, amma ga kuɓewarsa a kwanon nan, na kawo baikon godiya.

Na gode wa Ubangiji. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko ranar da bakinku ya kasa addu'a. Amin.