Na Mari Mai Awon Gwiwata

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Audu manomi, daga Buji.

Turawa ba su daɗe da zuwa ba na faɗo daga bishiyar kuka. An yi ɗori, amma gwiwata ta sandare. Yayana ya kai ni asibiti. Ma'aikaci ya kwantar da ni, ya ɗora wani ƙarfe kamar almakashi a gwiwar, ya ce, "Lanƙwasa mu ga iyakarta." Na ɗauka wurin yankewa yake aunawa. Na kwaɗa masa mari, muka tafi.

Ashe gyara zai yi min, bawan Allah. Har yau da ƙafa a miƙe nake salla. Jama'a, yaya zan nemi gafarar mutumin da ko sunansa ban tambaya ba?