Abin da Motar Misbahu Ta Rubuta

Ina rumfar wani mai gyaran wayarin mota a Gyaɗi-Gyaɗi, ina jiran a duba min batir, sai wani dattijo ya ajiye 'yar na'ura a kan benci.

"Daga motar ɗana aka ciro ta. Ni na sa aka maƙala masa, don in kama shi yana gudu."

"Baba, ai wannan ba ta ƙarya," in ji mai gyaran, yana jona ta da kwamfuta. "Duk abin da inji da birki suka faɗa wa ƙwaƙwalwar mota, rubutawa take. Yaron musawa ya yi?"

"Misbahu ya rasu. Yau kwana tara, haɗari ya yi a hanyar Zariya."

"Innalillahi. Allah ya jiƙansa."

"Amin. Faɗa min gudun da yake yi. Ɗari da nawa?"

"Sittin ne, Baba."

"Duba dai da kyau, ɗan nan."

"Wallahi sittin. Wata uku ma bai taɓa wuce tamanin ba. Ga inda ya taka birki, sakan shida ƙafarsa na kai, gudun bai ragu ba. Birkin ne ya ƙi ci. Kuma irin wannan tun da wuri yake nuna alama. Ba wanda ya gaya wa ne?"

Dattijon ya daɗe yana kallon layukan da bai iya karantawa ba.

"Sau uku ya ce min birkin yana nutsewa. Na ce masa birki lafiyarsa ƙalau, shi ne ba ya ɗaga ƙafa daga totur."

Mai gyaran ya rufe kwamfutar a hankali.