Wayar da Maigida Ya Ɗaura

Mai girma shugaban taro, iyayenmu a wannan sana'a waɗanda rana ta ƙona wa ƙeya tun kafin a haife mu, 'yan'uwana masu awon ƙasa, ɗalibai da kuka cika bayan zaure, da direbobinmu da ke jiran a gama a ci abinci, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni minti goma, ko da yake maiɗakina ta ce ko gaisuwa ba na gamawa a minti goma. An ce in yi magana a kan abin da safiyo zai yi idan rediyon na'urar awo ya ɗauke. Saboda baƙinmu, na'urorin nan biyu ne, kowacce tana sauraron tauraron ɗan'adam. Ɗaya a kafe take wuri guda, ɗaya muna yawo da ita a kan sanda, kuma ta kafen ce ke aika gyaran awo ta rediyo zuwa ga ta yawon. Da zarar maganarsu ta yanke, turken da ka kafa a ƙasa na iya kaucewa da taku biyu ko uku.

Na farko, ku duba batir, domin batir mai rauni yana kunna fitila ya yaudare ka, amma ba ya kai magana nesa. Na biyu, ku tabbata tasha ɗaya suke, kada wannan tana faɗa a nan waccan tana saurare a can. Na uku, ku ɗaga kai ku ga abin da ke tsakani: tudu ne, dogon gini ne, ko manyan wayoyin lantarki, sannan ku ƙara wa eriya tsawo.

Na huɗun ba ya cikin littafi, da gumina na koye shi. Wata shekara muna fitar da layin hanya, tsohuwar taswira ta sa ɗakin wata dattijuwa mai saƙar tabarma a tsakiyar titi. Ɗan kwangila ya rantse in ba mu ba shi sabon awo kafin la'asar ba, katafila za ta bi taswira. Maigidana, wanda ya koya mini riƙe sanda, shi ya kafa na'ura a kan tudu da hannunsa, ya zauna yana gadinta. Na sauko, na kunna tawa, shiru kake ji.

Na canza batir, na canza tasha, har kan mota na hau na ɗaga sanda, direban katafila yana ta yi mini dariya. Tun hantsi na san abu ɗaya ya rage, wayar eriyar da maigida ya ɗaura. To amma, jama'a, da wane ido zan je in binciki aikin maigida? Haka na yi ta kewaye-kewaye awa uku, dattijuwa tana zaune a rana kusa da ƙullin kayanta.

Can ta ce mini, “Ɗan nan, in sa a fitar da gadon ne, ko in dakata?”

Wallahi kunya ta rufe ni. Na hau tudu, na durƙusa na gaida maigida kamar ba tare muka zo ba, na ce, “Ranka ya daɗe, ko in ɗan goge wayar nan?” Ina taɓa ta, ta faɗo a hannuna. Ashe ya sa ta ne bai murɗa ba.

Ya dube ni ya ce, “Tun yaushe ka yi zarginta?”

Na ce, “Tun hantsi.”

Ya ce, “Ka shanya tsohuwa a rana don kada ka kunyata ni? To ai yanzu ne ka kunyata ni.”

Na murɗa waya, rediyo ya kama, muka auna. Ashe hanya ta kauce wa bangon dattijuwa da taku ɗaya da rabi. Maigida da kansa ya ɗauki ƙullin nan a ka ya mayar mata ɗaki.

Don haka, ƙannena, ku girmama manya, ku gaishe su, ku ɗaukar musu jaka, amma ku murɗa wayar da suka ɗaura, domin a bayan kowane turke akwai ɗakin wani.

Allah Ya daidaita mana awonmu, Ya tsare mu da rushe abin da ba mu gina ba, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci. Na gode da kuka saurare ni.